ƊAN MAJALISAR JIHA ƊAN AIKE NE, INA AMSAR AIKEN?

A cikin majalisun dokokin da Tsarin Mulkin Nijeriya ya kafa, babu wadda ta fi kusa da talaka kamar Majalisar Dokoki ta Jiha, kuma babu wadda talaka ya fi rashin sanin aikinta kamarta. Mutum yakan iya kawo sunayen sanatocin jiharsa uku ba gargada, ya kuma faɗi abin da aka yi jiya a Majalisar Tarayya domin ya ji a rediyo. Amma in aka tambaye shi dokoki nawa majalisar jiharsa ta zartar bana, ko kuwa nawa aka ware wa asibitin garinsu a cikin kasafin kuɗi, sai ya yi shiru. Alhali kuwa makarantar da ɗansa yake zuwa, da ɗakin shan maganin da matarsa take awo, da hanyar da yake bi ya kai amfanin gona kasuwa, da harajin da ake karɓa a rumfarsa, duk sai sun ratsa ta zauren majalisar jiha kafin su tabbata.

Ga al'adar Hausa wakili ɗan aike ne, aike kuwa ba ya cika sai wanda aka aika ya komo ya faɗi yadda aka yi. Galibin majalisun jihohi suna zama ba yankewa tun 1999, watau an sami isasshen lokacin da za a duba abin da suke sa gaba da abin da suke bari a baya, a kuma duba ko 'yan aiken suna komawa gida da amsa. Waɗannan abubuwa biyu a ɗaure suke da juna, domin majalisar da ba ta shirin fuskantar jama'a da bayani, wani ne zai riƙa zaɓa mata abin da za ta sa gaba.

DAGA KADUNA AKA FARO

Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa ta fara zama a Kaduna a 1947, a ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Richards. A lokacin shawara kawai take bayarwa, kuma ba jama'a ne suke zaɓen wakilanta kai tsaye ba. Hukumomin En'e suke turo waɗansu, Gwamna ya naɗa waɗansu. Duk da haka, a watan Agusta na 1950 wani malamin makaranta daga Bauci, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya gabatar da batu yana neman a bincika yadda ake tafiyar da mulkin En'e a gyara shi, domin talaka ya sami ta cewa a cikin sha'anin garinsu. Batun ya girgiza Arewa, da ƙyar ya sami rinjaye, amma shi ne ya buɗe ƙofar gyare-gyaren da suka biyo baya. Ashe ko majalisa mai ƙaramin iko tana iya taɓa rayuwar jama'a, in dai an sami wakilin da ya san abin da ke damun mutanensa.

Juyin mulkin Janairu 1966 ya rufe wannan majalisa. Ko da aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, aka mai da su 19 a 1976, gwamnonin soja ne suke yin doka da sa hannu kawai. Majalisun jihohi ba su fara zama ba sai a Oktoba 1979. Soja suka rushe su ranar 31 ga Disamba 1983, aka maido su a farkon 1992, aka sake rushe su a Nuwamba 1993. In aka haɗa, kimanin shekara 27 ke nan tsakanin 1966 da 1999 babu majalisa a jiha. Abin lura shi ne, duk sa'ad da soja suka karɓi mulki ofishin gwamna yana nan, ma'aikatu suna nan, kotuna ma suna nan. Majalisa kaɗai ake kullewa. Shi ya sa ta tashi tamkar ƙaramar ƙanwa a cikin sassan gwamnati uku, jama'a kuma ba su saba da ita ba.

Jamhuriya ta Biyu ta bar wani darasin. A tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina ta yau, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya ci zaɓen gwamna a 1979, amma jam'iyyar NPN ta kwashe fiye da kujeru 60 daga cikin 99 na majalisa. Majalisar ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinonin da ya gabatar, ya yi mulki babu su, har aka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya gaje shi. Kusan shekara biyu jihar ta yi cikin tankiya. Daga 1999 kuwa abin ya karkata wani gefen: gwamnoni suka koyi cewa gara su sa hannu tun wajen tsai da 'yan takarar majalisa, har jama'a suka riƙa kiran 'yan majalisa 'yan amshin Shata. Da majalisar da ba ta yarda da komai, da wadda take yarda da komai, babu wadda talaka yake cin moriyarta.

IKON DA DOKA TA BA TA

Tsarin Mulki na 1999 bai rage wa majalisar jiha iko ba. Sashe na 4 ya ba ta damar yin doka a kan duk abin da ba a keɓe wa Gwamnatin Tarayya ba. Sashe na 120 ya hana a taɓa ko kwabo daga baitulmalin jiha sai da yardarta. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon yin bincike da kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani. Ba a naɗa kwamishina sai ta amince. In Gwamna ya ƙi sa hannu a kan shirin doka cikin kwana 30, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa suna iya mai da shi doka ko da bai so ba. Shi kansa Tsarin Mulkin ƙasa ba a gyara shi sai majalisu 24 daga cikin 36 sun amince, saboda haka duk wani babban sauyi, irin batun 'yan sandan jihohi, ta ƙofarsu yake bi.

Har ila yau, gyaran Tsarin Mulki da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023 ya ƙara faɗin gonar. An ba jihohi damar yin doka a kan jirgin ƙasa da gidajen yari, da kuma samar da wutar lantarki da rarraba ta, ko da a wuraren da layin wuta na ƙasa ya kai. Jihohin Enugu da Ekiti da Ondo sun yi nasu dokokin, suka karɓi kula da harkar lantarki a cikin iyakokinsu a 2024. Ga jiha mai masana'antu irin Kano, inda rashin wuta yana cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙu da majemu na Bompai da Sharaɗa da Calawa, wannan dama ba ƙarama ba ce.

Sai dai yawan wakilai ya ragu. Sashe na 91 ya ce majalisar jiha ba za ta gaza mutum 24 ba, ba za ta wuce 40 ba. A 1979 tsohuwar Jihar Kano, wadda ta haɗa da Jigawa, tana da 'yan majalisa 138. Yau Kano tana da 40 ga ƙananan hukumomi 44, Jigawa tana da 30. Bisa ƙidayar 2006, wadda ta ba Kano mutum fiye da miliyan 9, kowane ɗan majalisa yana wakiltar mutum sama da 230,000, kuma jama'a sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Mutum ɗaya ba zai iya sanin damuwar wannan taron jama'a ta hanyar masu zuwa gaisuwa a zaurensa ba. Sai da tsari.

SAURI DA JINKIRI

Wanda yake son ya san abin da majalisa ta ɗauka da muhimmanci, ya duba dokar da ta yi da sauri da wadda ta bari ta kwana. A watan Mayu 2019 Majalisar Dokoki ta Kano ta zartar da dokar ƙirƙiro masarautun Bici da Rano da Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu ranar 8 ga wata. A Nuwamba Babbar Kotun jihar ta soke dokar saboda ba a bi ƙa'idar gabatar da ita ba, aka sake yin ta a Disamba. Bayan sauyin gwamnati, ranar 23 ga Mayu 2024 majalisa ta soke waccan doka, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, a watan Yuli kuma aka yi wata dokar da ta kafa masarautu masu daraja ta biyu a Rano da Gaya da Ƙaraye. Kowane ɓangare yana da hujjarsa a kan masarautu, maganar ma ta je gaban kotuna. Abin da ya fito fili kawai shi ne, in majalisa ta ga dama, kwana biyu sun ishe ta.

A Zamfara ma an ga irin wannan sauri. A 2019 tsohon Gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta takarda yana neman a biya shi Naira miliyan 10 na kowane wata da dokar fanshon tsofaffin gwamnoni ta tanada. Takardar ta fita, jama'a suka yi ca, a ƙarshen Nuwamba majalisar jihar ta soke dokar, Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu. Saɓanin siyasa tsakanin tsohon gwamna da sabo ya taimaka, amma surutun jama'a shi ya sa babu ɗan majalisar da ya iya tsayawa ya kare dokar.

To, a gwada wannan da dokar kare haƙƙin yara. Gwamnatin Tarayya ta yi tata a 2003, amma ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi irinta. Kaduna ta yi a 2018, Kano sai a Mayu 2023, watau bayan shekara 20. Gaskiya ne akwai dalilin yin hattara, domin sai da aka tuntuɓi malamai da sarakuna don a daidaita dokar da addini da al'adar jama'a. Amma tuntuɓa ba ta cin shekara 20 in akwai mai tura ta. Yaran da ke gararamba a tasha ba su da ƙuri'a, ba su da mai zuwa Gidan Gwamnati ya yi magana dominsu, saboda haka dokarsu ta yi ta jira.

Ba a ce majalisu ba su yi abin kirki ba. Dokar gwajin lafiya kafin aure da aka sa wa hannu a Kano a Mayu 2024, wadda ta wajabta gwajin jini don kauce wa ciwon sikila da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, doka ce da ta shiga kowane gida. Rundunar tsaron al'umma da Katsina ta ƙaddamar a Oktoba 2023, da Askarawan Zamfara na Janairu 2024, dokokin jiha ne suka tsai da su, domin amsa kukan ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba. Sai dai galibin manyan dokoki daga ɓangaren Gwamna suke fitowa. Shirin dokar da ɗan majalisa ya kawo da kansa, daga bakin mutanen mazaɓarsa, bai cika yin nisa ba.

MAI RIƘE DA JAKA

Dalili na farko kuɗi ne. Shekara da shekaru majalisar jiha ba ta iya sayen ko takardar rubutu sai ta kai ƙoƙon bara ofishin Gwamna. A gyaran Tsarin Mulki na 2010 an kawo shawarar a ba majalisun jihohi kuɗinsu kai tsaye, amma abin mamaki ba a sami majalisu 24 da suka goyi bayan 'yancin kansu ba, shawarar ta faɗi. Sai a 2018 gyaran ya tabbata. Da gwamnoni suka yi ta jan ƙafa, Shugaba Buhari ya ba da umurni na musamman mai lamba 10 a Mayu 2020 cewa a riƙa cire kuɗin tun daga sama. Ma'aikatan majalisu suka yi yajin aiki a 2021 a kan wannan batu, Kotun Ƙoli kuma ta soke umurnin a Fabrairu 2022 saboda ya wuce ikon Shugaban Ƙasa. A 2023 aka sake gyara sashen aka fayyace yadda za a riƙa biya.

Amma ko an ba majalisa jakarta, ɗan majalisa yana da wata igiyar a wuyansa. A yawancin jihohi zaɓensa da na Gwamna rana ɗaya ake yi, masu jefa ƙuri'a da yawa kuwa sak suke yi, watau jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Wanda ya san rigar Gwamna ce ta kai shi majalisa, kuma Gwamna ne zai sake tsai da shi, ya san wanda zai ji tsoro. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wannan tsoro ba ya raguwa sai ran da ɗan majalisa ya tabbata mutanen mazaɓarsa suna biye da sawunsa, suna kuma iya hukunta shi shi kaɗai a akwatin zaɓe.

KASAFIN KUƊI BA YA ƘARYA

Jawabin 'yan siyasa yana iya zama komai, amma kasafin kuɗi yakan tona abin da gwamnati ta sa gaba. Kafin shekara ta kama, Gwamna yakan gabatar da ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa, majalisa ta miƙa wa kwamitocinta, ma'aikatu su zo su kare abin da suka nema, sa'an nan a zartar. Akwai matakai uku da mai karatu ya kamata ya rarrabe: kuɗin da aka ware a takarda, da kuɗin da aka saki daga baitulmali, da aikin da aka gani a ƙasa. Yawancin ɓarna tsakanin waɗannan matakai take ɓuya, kuma bin sawunsu shi ne ainihin aikin kwamitocin majalisa. Sashe na 125 ya umurci Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha ya miƙa rahotonsa ga majalisa cikin kwana 90 bayan ya karɓi lissafin Babban Akanta, kwamitin kula da asusun jama'a kuma ya duba shi. In wannan kwamiti ya yi barci, babu wani mai tsaron da ya rage.

Akwai wurare uku da wannan tsaro ya fi muhimmanci. Na farko ilmi. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin ɗari na kuɗin Gwamnatin Tarayya domin makarantun firamare da ƙananan sakandare, amma jiha ba ta karɓar rabonta sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Shekara da shekaru biliyoyin Naira sun yi ta kwana a Abuja saboda jihohi ba su ajiye nasu ba, alhali Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta yara fiye da miliyan 10 ba su zuwa makarantar firamare a Nijeriya, galibinsu a Arewa. Majalisa ce take da ikon tabbatar da an sa wannan kuɗi a kasafi, an kuma sake shi.

Na biyu lafiya. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, wannan kuwa ma'auni ne da kowace jiha za ta iya gwada kanta da shi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta kafa asusu domin ƙananan asibitoci, wanda jiha ba ta cin moriyarsa sai tana da hukumar lafiya a matakin farko da hukumar taimakekeniyar lafiya, dukkansu da dokar majalisa ake kafa su.

Na uku ƙananan hukumomi. Sashe na 162 ya kafa asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, majalisun jihohi ne kuma suka yi ta yin dokokin da suka ba gwamnoni damar rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, naɗin kantomomi kuma ya saɓa wa Tsarin Mulki. Aiwatar da hukuncin ya gamu da cikas a shekarar da ta biyo baya. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023 kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai a lissafin Naira, saboda haka tambayar inda kuɗin yake tafiya ta ƙara nauyi.

KOMAWA GIDA

Tsarin Mulki ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Sauran kwanakin na ayyukan kwamiti ne da na mazaɓa. Amma babu wani sashe da ya tilasta wa ɗan majalisa ya tara jama'a ya ba su bayani, saboda haka al'ada ce ta cike gurbin. Ɗan majalisa yakan zo ɗaurin aure da ta'aziyya, ya raba hatsi da azumi, ya raba babura da kekunan ɗinki, ya biya wa waɗansu ɗalibai kuɗin jarrabawa. Da asuba ƙofar gidansa cike take da masu takardar magani da masu neman kuɗin haya. Taimako abu ne mai kyau, amma ya mai da wakili ya zama ƙaramin ofishin agaji. Mutum goma sun karɓi kuɗin magani daga aljihunsa, mutum dubu goma kuwa suna zuwa asibitin da babu magani, wanda tambaya ɗaya a zauren majalisa za ta iya gyarawa. Daɗin daɗawa, wakilin da kullum yake bukatar kuɗin rabawa ba zai iya ɗaga murya ga mai ba shi ba.

Haka ma abin da ake kira ayyukan mazaɓu. A mataki na tarayya, Shugaba Buhari da kansa ya koka a Nuwamba 2019 cewa an kashe kimanin Naira tiriliyan ɗaya cikin shekara goma a kan irin waɗannan ayyuka ba tare da an ga amfaninsu yadda ya kamata ba, a wannan shekara ce kuma hukumar ICPC ta fara bin sawunsu. Rijiyar burtsatse da ajin makaranta da aka rubuta sunan ɗan majalisa a jikinsu, kuɗin jama'a ne. Godiya ba laifi ba ce, amma tambayar nawa aka kashe ta fi ta amfani.

Akwai inda aka gwada wata hanya. Tun 2015 Majalisar Dokoki ta Legas ta fara taron shekara-shekara a mazaɓunta 40 a rana ɗaya, kowane ɗan majalisa ya zauna da mutanensa, a rubuta bukatunsu a kai gaba domin shirya kasafin kuɗi. A Jihar Kaduna an ɓullo da tsarin da al'umma suke zama su jera bukatunsu bisa muhimmanci a rubuce, a miƙa ga ƙaramar hukuma da jiha kafin a tsara kasafi. Wani shiri na Bankin Duniya da aka fara a 2018 ya sa jihohi suka riƙa buga kasafinsu da rahoton yadda aka kashe kuɗi bayan kowane wata uku a intanet. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya rasa naƙasu, domin taro yana iya zama na 'yan jam'iyya kawai, takarda kuma tana iya kwana a cikin durowa. Amma duk sun bar abin da za a iya riƙewa a hannu a ce: ga abin da aka yi alkawari, ina yake?

Kiranye, wanda sashe na 110 ya tanada, ba magani ne mai sauƙi ba. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa sun sa hannu, Hukumar Zaɓe ta tantance, sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Da aka gwada irinsa a kan Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma a 2018, waɗanda aka tantance sa hannunsu ba su kai kashi 6 cikin ɗari na masu rajista ba. Wanda ya dogara ga kiranye zai daɗe yana jira. Bibiya ta yau da kullum ta fi shi tasiri.

HARSHE DA NAUYIN MASU ILMI

Wani shingen kuma harshe ne. Tsarin mulkin tsohuwar Jihar Arewa ya amince a yi aikin majalisa da Turanci da Hausa. Sashe na 97 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce da Turanci za a yi, amma majalisa tana iya ƙara wani harshen da ake yi a jihar in ta zartar da haka. Majalisar Legas ta daɗe da keɓe ranar Alhamis domin zama da Yarbanci. A jihohin da kusan kowa yake jin Hausa, babu dalilin da zai sa a bar kasafin kuɗi da dokoki a cikin harshen da yawancin masu biyan haraji ba su karantawa. Gidajen rediyo suna nan, jama'a kuwa ma'abota saurare ne. Rabin sa'ar da ake saya wa sojojin baka su yi yabo da zambo ta isa ɗan majalisa ya karanta abin da aka ware wa mazaɓarsa, ya amsa tambayoyi.

Bayanin da ya cancanci a kira amsar aike ba shi da wuyar ganewa. Ɗan majalisa ya faɗi zama nawa ya halarta, da kwamitocin da yake ciki, da batutuwa ko shirin dokokin da ya gabatar, da gefen da ya tsaya a kan manyan dokoki da dalilinsa. Ya lissafa ayyukan da aka sa wa mazaɓarsa a kasafin bana, nawa aka saki, wane ɗan kwangila aka ba, ina aikin ya tsaya. Ya kuma faɗi abin da ya nema bai samu ba, domin wannan ma labari ne da jama'a suke da haƙƙin ji. Ya kamata a yi taron a inda mata za su iya zuwa, musamman da yake zaɓen 2023 bai kai mace ko ɗaya majalisun Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara ba, alhali su ne suka fi kowa sanin halin da asibitin haihuwa yake ciki.

Ma'aikatan gwamnati suna da nasu kason. Su ne suke tsara ƙiyasi, su ne suke tsayawa gaban kwamiti. Babban sakatare ko jami'in kasafi da ya gaya wa kwamiti gaskiyar abin da aka saki ya yi wa jiha aikin da ya fi gina ofis. Ɗalibai kuwa suna da abin da iyayensu ba su samu ba. Kasafin jihohi yana intanet, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar ya rubuta ya nemi takardun hukuma a ba shi amsa cikin kwana 7, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a 2025 cewa dokar ta hau kan jihohi. Zaman majalisa a buɗe yake ga mai son kallo, kuma tun 2018 an rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗalibi ɗaya da zai ciro shafin da ya shafi ƙaramar hukumarsu, ya fassara shi da Hausa, ya karanta wa dattawan unguwa, ya ba su abin da za su tari wakilinsu da shi ran da ya zo gida.